ZARE: Ranar da na'ura ta ce ba ta san yatsan Kawu ba

1/ Zaren yau yana da tsawo, ku gyara zama. Magana ce kan dangwala yatsa da muke yi a banki, wajen NIN, wajen JAMB da ranar zaɓe. Abu ɗaya nake so ku tafi da shi: in na'ura ta ƙi karɓar yatsan mutum, hakan bai zama shaidar cewa maƙaryaci ne ba. Ku biyo ni a hankali.

2/ Bara bayan girbi na raka kawuna daga Magami zuwa Gusau, za a yi masa tantancewa a wani ofishi. Wanda ya san hanyar Gusau zuwa Magami zuwa Dansadau ya san ba hanyar da ake bi don nishaɗi ba ce. Sai ka yi addu'a, ka jira ayari, wani lokaci ka jira rakiyar jami'an tsaro. Haka muka shiga gari, muka hau layi tun safe.

3/ Da layi ya zo kanmu, Kawu ya ɗora babban yatsa. Ja. Ya ɗora manuni. Ja. Aka goge gilashi, aka sake. Ja. Yaron da ke kan kwamfutar, wanda bai wuce sa'ana ba, ya ce, "Baba, na'ura fa ba ta san ka ba." Sai wani daga baya ya yi dariya ya ce ƙila katin ba nasa ba ne.

4/ Kawu ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Ɗana, wanga hannu shi yan noma dawad da kaka ci. Yau shi na ba a sani ba?" Wallahi wurin ya yi tsit. Amma tsit ba ta buɗe fayil. Aka ce mu dawo wani lokaci. Tun ranar na ɗauki alwashin sai na gane me wannan akwati yake dubawa a yatsa.

5/ To ga abin da na gano. Ka kalli kan yatsanka yanzu a haske. Za ka ga layuka masu tudu da kwari a tsakaninsu, sak gonar da aka yi wa huɗa. Mu kira tudun kunya, kamar kunyar gona. Waɗannan kunyoyi tun muna ciki suke samuwa, kafin wata na shida sun gama zama, kuma ko 'yan biyu masu kama ɗaya nasu ya bambanta.

6/ Daga nesa zanen yatsa kala uku ne manya: mai lanƙwasa ya dawo inda ya fito, mai zagaye kamar faifai, da mai tudu kamar bakan gizo. Mai lanƙwasar ya fi yawa, kusan kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na yatsun mutane. Ka ga wannan bai isa a gane mutum ba. Miliyoyi ne ke da irin naka.

7/ Sirrin yana cikin ƙananan wurare biyu. Na farko, inda kunya take tafiya sai ta ƙare, kamar lungun da ya toshe. Na biyu, inda kunya ɗaya ta rabu biyu, ko ka ce biyu suka gamu suka zama ɗaya. Mu 'yan Magami ba sai an yi mana dogon bayani ba, sunan garinmu ke nan: magami, wurin gamuwa.

8/ Waɗannan maƙura da magamai su ne alamomin da ake ƙirgawa. A cikakken zanen yatsa ɗaya akan samu kamar 40 zuwa 100. Francis Galton ɗan Ingila ne ya yi musu cikakken bayani a littafinsa na 1892. A Kalkata ta Indiya kuma aka buɗe ofishin zanen yatsa a 1897, inda Azizul Haque da Hem Chandra Bose suka yi aikin lissafin rarraba su, duk da sunan maigidansu Edward Henry aka laƙaba wa tsarin.

9/ Yanzu me ke faruwa in ka ɗora yatsa? A na'ura mai gilashi, kunya ce ke taɓa gilashin, kwari ba ya taɓawa, haske ya nuna bambancin. Sai a samu hoto, yawanci mai ɗigo 500 a kowane inci. Manhaja ta wanke hoton, ta mai da shi baƙi da fari, ta sirance kowace kunya har ta zama kamar zare.

10/ Daga nan sai ta bi zaren ɗigo bayan ɗigo tana duba maƙwabta. Ɗigon da ke tsakiyar hanya maƙwabta biyu gare shi, na gaba da na baya. In ta ga mai maƙwabci ɗaya, ta ce nan kunya ta ƙare. In ta ga mai uku, ta ce nan magami ne. Iyakar dabarar ke nan, ba tsafi ba aljani.

11/ Kowace alama sai a rubuta mata lambobi uku: nisanta daga gefe, nisanta daga sama, da kusurwar da kunyar ta fuskanta. Jerin lambobin nan shi ne "kai" a wajen na'ura. Bai kai nauyin sitika ɗaya ta WhatsApp ba. Lokacin tantancewa, jerin yau ake gwadawa da jerin ranar da ka yi rajista.

12/ Nan wahalar take. Ba ka taɓa ɗora yatsa sau biyu iri ɗaya ba. Yau ka karkata dama, gobe hagu. Yau ka sa tsakiya, gobe gefe. Yau ka danna da ƙarfi fata ta baje, gobe ka taɓa sama-sama. Lambobin yau ba za su taɓa zama daidai da na ranar rajista ba, ko da kai ɗin ne. Shi ya sa aka koma ga lissafin tazara da kusurwa, wanda muka sha wuyarsa a sakandare da sunan jometiri.

13/ Misali daga gona. A ce gonarku akwai tsamiya, kuka da ɗorawa. Ko ta gabas ka ɓullo ko ta yamma, takun da ke tsakanin tsamiya da kuka bai canza ba. Kusurwar da itatuwan uku suka yi ma tana nan. Kai ne ka juya, gona ba ta juya ba. In wani ya ba ka waɗannan tazarori uku, za ka gane gonarku ko a hoton da aka kifa.

14/ Haka manhaja take yi. Ta ɗauki alamomi uku da ke kusa da juna ta haɗa su da layi, su zama alwatika. Ta auna tsawon gefe uku da kusurwoyin. Ta yi haka a ko'ina cikin yatsan har ya zama kamar raga. Sai ta je yatsan da ke ajiye ta nemi alwatika masu irin wannan awo.

15/ Akwai wata hanya: a ɗauki alama ɗaya nan, ɗaya can, a ce bari mu ƙaddara su ɗaya ne. Sai a lissafa juyi nawa da matsi nawa ake buƙata su hau kan juna. A yi wa duk alamomin haka, kowace ta "kaɗa ƙuri'a". Juyin da ya fi samun ƙuri'u shi ake ɗauka, a ɗora taswirar biyu, a ƙirga alamomi nawa suka faɗa wuri ɗaya.

16/ Masu son bincike: hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, tana da manhaja kyauta mai suna Bozorth3 da ke gwada tazara da kusurwa tsakanin alamomi bibbiyu. Masana a Jami'ar Bologna ta Italiya kuma sun fitar da wata a 2010 da ke duba unguwar da ke kewaye da kowace alama. 'Yan kwamfuta na FUGUS, ga aikin kammala karatu nan kyauta.

17/ Amma fata ba takarda ba ce, tana miƙewa tana tsukewa. Saboda haka ba a cewa sai alama ta hau kan alama cif. Ana zana ɗan da'ira a ce duk wadda ta faɗo ciki, kuma kusurwarta ba ta yi nisa ba, an karɓa. Wato tun daga tushe lissafin nan na "kusan daidai" ne.

18/ Ku riƙe wannan, shi ne zuciyar zaren: na'ura ba ta amsa "shi ne" ko "ba shi ba ne". Maki take bayarwa. Mutum ne, a wani ofishi da ba ka taɓa gani ba, ya yanke makin da za a tsallake, kamar yadda ake yanke makin shiga jami'a bayan JAMB. Kore ko ja da kake gani hukuncin wancan mutumin ne.

19/ In ya sassauta makin, ɓarawo zai iya wucewa da sunan wani. In ya tsaurara, masu gaskiya za su riƙa faɗuwa. Ba yadda za a yi a kashe kuskuren biyu gaba ɗaya, ka danne wannan wancan ya taso. Kamar rariya ce: mai manyan ƙofofi tsakuwa ta wuce, mai ƙanana gari ya maƙale. Tambayar ita ce, garin wa ke maƙalewa?

20/ Amsa: na mai aikin hannu. Ƙotar fartanya tana goge kunya. Siminti yana cin ta. Wanki da sabulu kullum, surfe, daka, casar gyaɗa, haƙar ma'adinai, duk haka. Tsufa kuma yana sa fata ta saki, kunyoyin su kwanta. Yatsan da ya kamata ya ba da alamomi da yawa sai ya ba da 'yan kaɗan, makin ya kasa kaiwa.

21/ Sannan ga hunturu. Busasshiyar fata ba ta kama gilashi sosai, sai kunya ɗaya ta fito a tsittsinke. Manhaja ta ɗauka kowane tsinkewa maƙura ce. Kaushi da faso kuma suna yanka kunyoyi a gicciye, su haifar da alamomin ƙarya. Ga na gaske sun ragu, ga na bogi sun ƙaru. Alwatika ta ina za ta dace?

22/ Ku duba kalanda. Zaɓen 2015 an yi shi 28 ga Maris, na 2019 ranar 23 ga Fabrairu, na 2023 ranar 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris. Duk cikin rani, lokacin da fatar mutumin Tsafe ko Bunguɗu ta fi bushewa. Mai hannu laushi da ke shafa mai a ofis da manomin Wanke ba jarrabawa ɗaya suke zaunawa ba.

23/ Kuma kar ka ɗauka talaka kawai abin ke samu. A 28 ga Maris 2015, a Otuoke ta jihar Bayelsa, kad-rida ta ƙi tantance shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, duniya tana kallo. Bambancin shi ne ba wanda ya ce masa katin ba nasa ba ne, kuma bai koma gida ba tare da ya yi zaɓe ba.

24/ Yanzu wani zai ce to a watsar da na'urar mana, a koma takarda. A'a, ban tare da kai. Mun ga zamanin takarda. Mun ga rajista mai ɗauke da matattu da yara da sunayen da ba su da masu su. Mun ga fom ɗin uzuri na zamanin kad-rida, wanda aka yi don irin su Kawu amma 'yan maguɗi suka mai da shi babbar ƙofa.

25/ Lissafin nan ya yi mana rana, a faɗi gaskiya. Kafin zaɓen 2023 INEC ta tace sabuwar rajista da manhajar gano masu rajista sau biyu, ta cire sama da miliyan 2.7. Abin da ya rage a kundin ƙasa baki ɗaya 93,469,008 ne. Ba ma'aikacin da zai zauna da ido ya gano wanda ya yi rajista a Gusau ya sake yi a Funtuwa.

26/ Mu a Zamfara mun san darajar ƙuri'a. A zaɓen gwamna na Maris 2023 INEC ta bayyana Dauda Lawal da ƙuri'u 377,726, Bello Matawalle 311,976. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake zaɓe a Maradun da wasu sassan Birnin Magaji da Bukkuyum, Kotun Ƙoli ta soke wannan a 12 ga Janairu 2024. Ko wa ka zaɓa, ka ga yadda ake kai ruwa rana kan adadin wanda aka tantance.

27/ Abin da na yaba wa BVAS shi ne ƙofa biyu gare ta: yatsa da fuska. In yatsa ya ƙi, a gwada fuska. An fara gwada ta a 2021, aka yi zaɓen gwamnan Anambra da ita a Nuwamban shekarar, Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba fasahar tantancewa gindin zama. Tana da nata matsalolin, amma tunanin ƙofa ta biyu shi ne daidai.

28/ To me ya hana sauran wurare? Me ya sa a wajen tantance 'yan fansho, rabon tallafi, buɗe asusun da aka rufe, ko shiga ɗakin jarrabawa, sau da yawa in yatsa ya ƙi shi ke nan, sai "je ka dawo"? Ɗalibin da ya taya babansa aikin bulo duk hutu, laifinsa me ne ne in yatsansa ya goge?

29/ "Je ka dawo" a Abuja kuɗin tasi ne. A Magami, ko ƙauyukan Tsafe irin su 'Yankuzo da Bilbis, ko bayan Nahuce a Bunguɗu, sake bin hanya ne da kowa ya san abin da ke kanta. Wanda ya yanke makin tsallakewa bai sa wannan a lissafinsa ba. Kuskuren kashi ɗaya cikin 100 a takarda ƙarami ne, a kan hanyar Dansadau ran mutum ne.

30/ Ƙara da wannan: a Satumban 2021 an rufe layukan waya a duk Zamfara saboda tsaro, aka yi makonni ba sabis, wasu yankunan watanni. Duk tantancewar da sai ta tambayi babbar kwamfuta ta intanet, a irin wannan lokaci ta mutu. Tsarin da aka gina kamar kowa na da sabis kullum ba a gina shi da mu a zuciya ba.

31/ Ɗaya ɓangaren kuma: kore ma ba wahayi ba ne. Bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 11 ga Maris 2004, FBI ta ce zanen da aka samu a jikin wata leda na wani lauya Musulmi ne a Amurka, Brandon Mayfield. Aka tsare shi mako biyu. 'Yan sandan Sifen suka gano na wani ɗan Aljeriya ne. A 2006 gwamnatin Amurka ta nemi afuwa ta biya dala miliyan 2.

32/ Me ya jawo? Kwamfuta ta zaƙulo shi cikin miliyoyin zane saboda kama ta yi yawa, ƙwararru suka duba da zuciyar da ta riga ta yarda. Ga lissafi mai sauƙi: a ce manhaja tana kuskure sau ɗaya cikin miliyan. Ka gwada yatsa ɗaya da mutum miliyan 93, kana iya samun kusan 93 da za ta ce sun yi kama. Misali ne kawai, amma ka ga inda matsalar take.

33/ Shi ya sa wajen rajistar NIN da BVN yatsu goma ake ɗauka. Yatsa ɗaya na iya kama da na wani, goma su yi kama gaba ɗaya abu ne mai wuyar gaske. Kuma ka bambance abu biyu: "kai ne mai wannan katin?" gwaji ne da mutum ɗaya. "Wane ne wannan cikin kowa?" gwaji ne da miliyoyi. Na biyun ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

34/ Indiya ta riga mu shiga wannan kogi. Tsarinsu na Aadhaar ya yi wa sama da mutum biliyan 1.3 rajista da yatsu goma, ƙwayar ido biyu da hoton fuska. Duk da haka an yi ta samun rahoton leburori da tsofaffi da aka hana rabon hatsi don yatsa ya ƙi, musamman a jihar Jharkhand. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

35/ To me nake nema? Abu biyar. Na ɗaya: duk inda ake tantance mutum da yatsa, doka ta tilasta ƙofa ta biyu a wurin, a ranar. Fuska, ƙwayar ido, ko lambar da za a turo wa waya. Kar ta zama takardar da jami'i zai cike son ransa, ta zama hanyar da ke barin sawu, a san wa ya buɗe, yaushe, don wa.

36/ Na biyu: a gyara ranar rajista. Yawancin ja da muke gani yau an haife shi ne ranar da wani ya ɗauki zanen cikin gaggawa da gilashi mai datti. Manhajojin nan suna iya auna ingancin hoto nan take. In ya yi ƙasa a sake. In yatsun sun goge a rubuta a fayil tun ranar, kar a bar mutum ya gano bayan shekara uku a gaban layi.

37/ Na uku: hukumomi su riƙa faɗa mana adadi. Mutum nawa yatsa ya ƙi a kowace ƙaramar hukuma? Maza nawa, mata nawa, masu shekara nawa? Na'urorin suna ajiye wannan. In aka buga shi, za mu ga ko Gusau cikin gari da Magami daidai suke. Abin da ba a ƙirga ba, ba mai gyara shi.

38/ Na huɗu: a kai na'ura wajen mutane. Akwatin nan bai fi a saka a jaka ba. Ranar kasuwa a Magami, a Mada, a Kwatarkwashi, jami'i biyu za su gama abin da zai sa mutum ɗari su hau hanya. Ɗaukar jami'i biyu da rakiya ya fi sauƙi a kan jefa tsofaffi ɗari cikin kasada.

39/ Na biyar: a koya wa masu riƙe na'urar magana. Yawancinsu mu ne, matasa, 'yan bautar ƙasa da ma'aikatan wucin gadi. Ɗan'uwa, kar ka ce wa dattijo "ba ta san ka ba". Ka ce, "Baba, hoton ne bai fito da kyau ba, mu sake." Ita ce ma gaskiyar abin da ya faru, kuma ba ka zubar masa da mutunci a gaban 'ya'yan cikinsa ba.

40/ Kafin a gyara, ga dabaru da za ka koya wa na gida. A wanke hannu a tsane shi. In fata ta bushe, a hura mata iskar baki ko a goga yatsan a goshi, ɗan maiƙon nan yana taimakawa. In gumi ne, a goge. A shimfiɗa cikin yatsan, ba tsininsa ba. Kar a danna kamar ana kashe kunama. A sa a goge gilashin.

41/ In babban yatsa da manuni sun ƙi, a nemi a gwada sauran, musamman na hannun da ba a cika aiki da shi ba. In an san ranar tantancewa tun da wuri, a riƙa shafa man kaɗanya da dare na 'yan kwanaki, a rage aikin siminti in da hali. Kunya tana dawowa da kanta muddin rauni bai yi zurfi ba. Mata kuma a bar kan yatsu ba lalle mai kauri gab da ranar.

42/ Sai gargaɗi gare mu. Lambar sirrin ATM in ta fita ka canza. Yatsa fa? Goma gare ka har ka mutu. A 2015 an sace zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka. In su abin ya same su, ina ga mai tebur a bakin kasuwa da ya ce ka dangwala a ba ka dubu biyu?

43/ Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa zanen yatsa cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Kana da haƙƙin tambaya: wa zai ajiye, don me, har yaushe? Wanda ya kasa amsa waɗannan, mai da hannunka aljihu. Ka kuma faɗa wa Inna da Baba, su aka fi yaudara da sunan tallafi.

44/ Na san wasu za su ce, "ai ƙofa ta biyu ita ɓarayi za su bi." Gaskiya ne in an bar ta ba mai gadi. Amma ku duba: ɓarawon gaske yana da kuɗin sayen jami'i, ba ya tsayawa layi da goggen yatsa. Wanda ake korowa daga layi kusan kullum wanda ba shi da kowa ne. Tsaron da ya kama mai gaskiya ya saki ɓarawo, sai a sake duba shi.

45/ Masu tambayar yadda aka ƙare da Kawu: mun koma bayan mako biyar, lokacin aikin gona ya lafa, Inna ta sa shi shafa man kaɗanya kullum yana mita. Yatsu tara suka ƙi. Ɗan ƙaramin yatsan hagu, wanda bai taɓa riƙe fartanya da gaske ba, shi ya kawo kore. Kawu ya dube shi ya ce, "Ashe malalacin na ad da takarda."

46/ Mun yi dariya, amma sau huɗu muka bi hanyar nan saboda aikin minti biyu. Allah ya tsare mu, ba kowa ke samun haka ba. In kai ko wani naka ya taɓa faɗuwa a wannan jarrabawa, rubuta a ƙasa: garinku, sana'arsa, wane yatsa ya ƙi. Kar ka sa suna ko lamba. Mu fara ƙirgawa da kanmu. Ku tura wa na kusa da masu yanke makin.